Wutar da Na Hura wa Inna a Jos

Tun da muka dawo daga Jos ba ni da sakat a ofishin malamai. Da an fita tara sai wata ta jawo kujera ta ce, "Malama Kulu, wai da gaske ne a can ƙanƙara na zubowa daga sama kamar tsakuwa?" In ce da gaske ne. Gobe wata ta sake tambaya, jibi har mai gadin makaranta ya tare ni a bakin ƙofa yana son ya ji ko mutanen can suna wanka. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na lura kullum wuri ɗaya nake tsallakewa. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, ni kuma a bar ni in yi makin jarrabawa lafiya.

Inna ce dalilin tafiyar, mahaifiyata. Shekara biyu ke nan zuciyarta tana ba ta wahala, ga shi ba sai na gaya muku yadda Gumel take a watan Afrilu ba. Kafin a gama karin kumallo ƙarfen ƙofa ya daina taɓuwa, ruwan randa ya yi ɗumi, awaki sun labe a jikin katanga suna haki. Bara war haka sau biyu Inna tana faɗuwa. Likita ya ce in da hali a kai ta inda ya fi sanyi har damina ta sauka. Sai na tuna da ƙanenta, Kawu Ɗanjuma, wanda mahaifinsu ya tafi da shi Jos yana ƙarami, zamanin haƙar kuza, ya zauna can yana tuƙin mota har ya yi furfura.

Yayana Sale bai yarda ba. Ya ce, "Kulu, ke da karatunki. Matar da ko Kano sau uku ta taɓa zuwa za ki ɗauka ki kai kan dutse? In wani abu ya same ta a can fa?"

Na ce, "In ya same ta a nan fa, Yaya?"

Muka kwana uku muna gaisawa sama-sama. Inna ce ta raba gardamar. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Zan bi ki. Amma ki dawo da ni da ƙafata. Ba na so a binne ni inda ban san kowa a maƙabarta ba." Na yi dariya na ce ta daina irin wannan magana, amma dariyar iyakarta baki. Na san daga wannan rana duk abin da ya same ta, ni ce.

Muka yi sammako zuwa Kano, daga can muka shiga fijo mai zuwa Jos. Kayanmu buhun tsaraba ne, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da gwangwanin man shanu, sai mafitai biyu da ɗan tawul da nake jiƙa wa Inna tana ɗorawa a kai. A kujerar da ke gabanmu akwai wani mutum, gumi na tsiyaya a wuyansa, amma ya rungume wata jibgegiyar rigar sanyi a cinya kamar jariri. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matso ta raɗa mini, "Bawan Allahn nan, anya lafiyarsa ƙalau?" Na zungure ta. Mutumin ya ji, ya juyo ya ce, "Hajiya, zuwa la'asar ma sake magana."

Har Tudun Wada ƙasar tamu ce, fara fat, gonaki a share ana jiran ruwa. Da muka shiga dajin Falgore sai ga itatuwa sun yi sabon ganye, gefen titi a jiƙe. Inna ta fid da hannu ta taga tana shaƙar ƙanshin ƙasa, ta ce, "Ashe wasu har an ba su." Ta nemi direba ya tsaya ta taɓa ƙasar da hannunta. Ya ce, "Hajiya, a dajin nan na 'yan fashi ko taya ce ta fashe, a kan ƙarfe nake wucewa." Daga nan motar ta yi tsit. Ba wanda ya sake ko tari sai da muka ga rumfunan masu rake a gefen hanya.

A Saminaka muka yi salla muka ci shinkafa da wake. Gaba kaɗan, wajen iyakar Filato, sojoji suka tsayar da mu a shinge suka ce a buɗe but. Wani dogo ya kwance buhunmu, ya cusa kai, daddawa ta yi masa sallama. Ya ja baya yana kaɗa hannu, abokansa na dariya. Ya zagayo tagar Inna, ya dube ta da ɗan yalolon mayafinta da mafici a hannu, ya ce da irin Hausarsa, "Mama, ina rigan sanyi naka?"

Inna ta ce, "Ɗana, a watan bazara?"

Ya girgiza kai ya ɗaga mana hannu. Ni malamar makaranta ce, na sha zana wa yara taswirar Najeriya a allo, in shafa wa Filato alli mai launi in ce nan akwai sanyi. Ashe faɗa kawai nake yi. Ko safa ban saka a jaka ba.

Bayan Jengre hanya ta fara hawa. Mota tana nishi, tana lanƙwasa, tana sake hawa. Can Inna ta damƙe hannuna ta ce, "Kulu, kunnena ya mutu." Nawa ma ya toshe. Mai rigar sanyi ya ce mu haɗiyi yawu, tudu ne. Muka haɗiya, kunnuwa suka buɗe da wata 'yar ƙara. Shi kuwa ya warware rigarsa a hankali, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan, ya ja zif har wuya. Inna ta ninke maficinta a cikin zane kamar ba nata ba.

Ban iya ba da labarin duwatsu ba, amma na can sun tsaya mini a rai. Manya-manya, ɗaya a kan ɗaya, wani a karkace kamar yanzu aka ajiye shi mai ajiyewar ya zagaya baya. Sai kuma wasu tafkuna a tsakanin jajayen tudun ƙasa. Ruwansu kore shar, ba ya motsi. A wajenmu ruwa irin wannan da mata sun cika shi da wanki, shanu na sha, yara na tsalle. Waɗannan ko tsuntsu babu a bakinsu. Na tambayi direba, ya ce ramukan kuza ne da Turawa suka bari. "Ba su da gaɓa, Malama. Taku ɗaya ne daga tudu zuwa inda ba a dawowa."

Kawu yana unguwar Kongo-Rasha. Da Inna ta ji sunan ta tambaya ko har mun fita daga Najeriya ne. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Kawu da matarsa Anti Ladi suna ɓangare guda, a ɗaya ɓangaren kuma akwai wata Inyamura mai shagon kayan masarufi a ƙofar gida, ana ce mata Maman Ngozi. A Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai kowa namiji ne a wajenta. Ta durƙusa ta gai da Inna ta ce, "Mama, ka zo lafiya? Ka sha hanya." Inna ta amsa, bayan ta tafi ta ce, "Yarinyar kirki, amma ta mai da ni tsoho."

Ɗakin da aka ba mu na siminti ne, da silin, da ƙofar katako mai sakata, da taga mai yankan gilasai a jere waɗanda ake kwantarwa su rufe ruf. Inna ta shafa bangon ta ce kamar asibiti. Nata ɗakin na gida kun san shi: ginin ƙasa, rufin azara, asabari a ƙofa, ga wata 'yar kafa can sama da ba a taɓa toshewa ba tun da aka gina shi. Iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama.

Abin mamaki kam mun gani. Gidan kaf babu randa, don ruwan famfo ma sai ka dafe haƙori. Man shanun da muka kawo yana zuba kamar ruwa a Kano, da safe sai da Anti Ladi ta sa wuƙa. Na yi wanki ranar Asabar, Litinin yana nan a jiƙe a kan igiya. Dankalin Turawa da muke gani sai a gidan biki, su da shi suke karyawa, kabeji kuwa har awaki sun raina shi. Aka kawo wa Inna gwaten acca da ganye, ta juya cokali a ciki ta ce, "Wannan kunu ne ko miya?" Anti Ladi ta ce, "Yaya, ki dai ci." Ta ci, washegari ita ta tambaya ko da saura.

Satin farko na yi ta yabon kaina. Kumburin ƙafar Inna ya saɓe, tana barci, har tana zagaya tsakar gida cikin suwaitar Kawu mai kai mata gwiwa. Na ari wayar Kawu na kira Yaya Sale, don dai ya ji. Ana ruwa a lokacin, kwano na ƙara, ina ta ɗaga murya. Ya ce, "Wace ƙara ce wannan?" Na ce ruwan sama. Sai ya ce, "Nan jiya kaji biyu suka mutu a akurki. Ko gajimare babu." Na tsaya da waya a hannu, yatsuna sun ƙage don sanyi, ina jin muryar mutumin da na san a wannan lokacin yana zaune ba riga a gindin darbejiya. Wuni ɗaya ne a mota tsakaninmu.

A sati na biyu rana ta ɓace. Anti Ladi ta ce bana ruwa ya yi sammako. Da safe sai gajimare ya sauko har ƙasa, fari, mai jiƙa mayafi, ya shigo ta zaure a hankali ya tsaya a tsakar gida. Kana jin takun mutum da tarinsa, ba ka ganinsa sai ya zo dab da kai. Masu zuwa shagon Maman Ngozi sai su fito daga cikin farin nan, su sayi abin da za su saya, su koma ciki. Inna ta daina fita. Ita da inuwa take sanin lokacin salla, tun tana budurwa ba ta taɓa duba agogo ba. Ranar Laraba ta ce mini, "Kulu, kwana uku ban ga inuwata ba. Wane irin gari ne mutum zai yi ta yawo ba inuwa?" Na ce gajimare ne kawai. Amma da na fita alwala sai da na duba ƙasa.

Anti Ladi kuma ta ƙara mana. Muna tsince acca ta ce ai akwai wani ramin kuza a bayan unguwar da ta taso, duk shekara sai ya ci mutum, kuma a irin wannan yanayi ne. Wai mutum yana tafiya cikin hazo sai ya ji an kira sunansa da muryar wani nasa, ya bi. "Mu dai tun muna yara an hana mu. In an kira ki cikin hazo, kada ki amsa sai kin ga fuska." Na ce mata camfi ne. Ni ce mai cewa camfi ne a kowane zama, kun san hali.

Ranar Alhamis Kawu ya yi lodin Bauchi, Anti Ladi ta tafi suna Jos Jarawa, aka bar mu mu biyu. Bayan azahar gari ya yi baƙi ƙirin. Aka fara iska, sai kuma wani ruri a kan kwano kamar ana juye tirelar tsakuwa. Na leƙa, ga ƙanƙara tana tsalle a tsakar gida, wata kamar gyaɗa wata kamar goriba, kafin ka ce me ƙasa ta yi fari. Sanyin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Inna ta hau karkarwa, haƙoranta na haɗuwa. Na lulluɓa mata bargo, na ƙara zannuwanmu duka har da sallaya, ba ta daina ba. Na taɓa hannunta na ji kamar ƙarfe. Tsoro ya kama ni sosai, na ce wannan zuciyar da na gudo da ita daga zafi, sanyi ne zai tsayar da ita.

Sai na tuna abin da muke yi a gida. Kowacce a cikinku ta san shi. In sanyi ya tsananta, a zuba garwashi a kasko a kai wa tsohuwa ɗaki, a saki asabari. Da shi aka raine ni, da shi aka raini Inna. Na kifa faranti a kai na tsallaka wajen Maman Ngozi, na ce ta ara mini kurfoti da ɗan gawayi.

Ta ce, "Kana so ka dafa ma Mama shayi? Ɗauka, yana bayan ƙofa."

Na ce i, don ba ni da lokacin dogon bayani. Na hura a baranda, ko gama kamawa bai yi ba, rabi ja rabi baƙi, na kinkima na kai ɗaki na ajiye a gaban gado. Na kwantar da gilasan taga. Na ji iska na shigowa ta tsakaninsu, na yayyaga tsohuwar jarida na cusa. Na nannaɗe tsumma na toshe ƙasan ƙofa. Da hannuna na yi duk wannan, kuma ina yi ina jin daɗin dabarata.

Da farko daɗi ne zalla. Ɗumi ya cika ɗakin, Inna ta daina karkarwa, ta miƙo ƙafafunta wajen wuta ta ce, "Yau na ji ni a gida. Allah ya yi miki albarka, Kulu." Na zauna a ƙasa na jingina da gado ina murza mata tafin ƙafa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da na fara lura da shi, ƙarar ƙanƙara ta yi nisa, kamar a wata unguwa ake yi, alhali ina ganin gilashin taga yana girgiza. Wani ciwo ya ɗaure mini goshi. Na ce mura ce ke tafe.

Sai Inna ta yi magana, amma ba da ni ba.

"Maraba, maraba. Sannunku da hanya."

Na ɗaga kai. Idonta na kan kusurwar ɗaki, tana murmushi, leɓɓanta sun yi ja kamar ta ci goro.

"Kulu, tashi mana ki shimfiɗa musu tabarma. Ba ki ga baƙi ba?"

Babu kowa. Amma kusurwar ta yi fari-fari a idona, kamar hazon nan ya sami kafa ya shigo. Inna ta ci gaba da gaisuwa tana kiran sunaye, tana tambayar mutan gida. Goggo Asabe, wadda ta rasu ina firamare. Iya Mairo maƙwabciyarmu, wadda da ni aka yi zaman makokinta. Duk wadda ta kira, na san kabarinta. Tana yin shiru tsakanin gaisuwa da gaisuwa, daidai tsawon amsa.

Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka ƙi. Na kama Ayatul Kursiyyu, in kai tsakiya ta kuɓuce mini, in koma farko, ta sake kuɓucewa a wuri ɗaya.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Kulu."

Muryar kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa, ban gane ta mace ce ko ta namiji ba. Ni mai cewa camfi ne, maganar Anti Ladi ce kaɗai ta rage a kaina. Na kame bakina.

"Kulu. Buɗe."

Inna ta juyo ta dube ni, fuskarta a sake, ta ce, "Malam ne. Ya zo tafiya da ni. Buɗe masa, yana tsaye cikin ruwa."

Malam shi ne mahaifinmu. Shekararsa shida da rasuwa.

Ban san inda na sami ƙarfi ba. Na ja jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofa, amma ba don in buɗe ba. Na miƙa hannu na tura sakata, na jingina bayana da ƙofar, na tokare ƙafata da ƙafar gado. Ana bugu, ina jin bugun a ƙashin bayana. Ana kira, Inna na cewa in buɗe, ni kuma ina cewa, "Ba za ta je ba. Ni na kawo ta." Ko a fili na faɗa ko a zuci, har yau ban sani ba. Na ga hannun Inna ya zame daga kan bargo ya rataya a gefen gado. Na so in je wajenta, na kuma san in na matsa ƙofar za ta buɗe. Na zaɓi ƙofar.

Abin da na tuna bayan nan ƙarar fashewar gilashi ce, da kan taɓarya yana shigowa ta taga, da wata iska mai sanyi da ta mare ni a fuska.

Maman Ngozi ce. Ita ce ke bugun ƙofar tun farko. Ta tashi ɗora girkin yamma, ta leƙa kicin inda ta ɗauka nake dafa shayin, ba ta ga kurfotinta ba, ta waiwaya ta hangi jarida a cushe a tagarmu. Da ƙofa ta ƙi buɗuwa ta ɗauko taɓarya, ta yi ta kururuwa har maza suka shigo daga titi suka ɓalle sakatar, suka ture ni da ƙofar gaba ɗaya. Na farfaɗo a tsakar gida, kwance a kan ƙanƙara, ruwa na dukan fuskata, ina ta amai. Tana durƙushe a kaina tana jijjiga ni tana kuka.

"Kai ba malama ba ne? Gawayi a ɗaki, ka rufe ƙofa, ka rufe window! Kana so ka kashe Mama? Ina bugawa, ina bugawa, me ya sa ka ƙi buɗewa?"

Ina kallon inda aka shimfiɗe Inna a baranda, wani mutum yana yi mata fifita da kwali, kanta ya langaɓe.

A motar mijin Maman Ngozi aka kai mu asibiti. Ni zuwa magariba na dawo hayyacina, sai ciwon kai kamar ana sara. Inna ba ta farka ba. Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya ce gawayi yana fitar da wata iska da ba a gani, ba ta da wari, a ɗaki mai kafa tana ficewa, a rufaffen ɗaki kuwa tana shiga jini ta kwantar da mutum cikin daɗi. Gane-gane da jiye-jiye duk aikinta ne. Ya ce da an ƙara ɗan lokaci, da gawa biyu za a fitar. Ya ce game da Inna sai dai a jira.

Kawu ya iso daga Bauchi ko gida bai biya ba. Na so ya zage ni. Sai ya zauna kusa da ni a benci ya ce, "Laifinmu ne, Kulu. A nan kowa ya san wannan, shi ya sa ba wanda ya tuna ya gaya miki." Wannan ta fi zagi ciwo. Ya ce ko a kira Sale. Na ce a bari zuwa gobe, kuma na san tsoro ne ya sa na faɗa, ba wani tunani ba.

Washegari da hantsi rana ta fito, karo na farko cikin kwana biyar. Ina zaune riƙe da hannun Inna na ji yatsunta sun motsa. Ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon silin, sannan ta ce, "Kulu, kai ni gida." Na kifa kaina a gefen gadon na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Malam.

Kwana shida aka riƙe ta. Likita ya so ta zauna a Jos har damina ta sauka a wajenmu, ta ce ta gode. Ranar tafiya Maman Ngozi ta rako mu har tasha. Inna ta riƙe hannunta biyu ta yi ta sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da jikokin da ba a haifa ba, matar nan tana ta cewa amin tana share ido da gefen zane. Ni na kasa haɗa ido da ita, na dai rungume ta.

Muka gangaro. A Saminaka Inna ta cire suwaita, a Kano gumi ya karyo mata ta ce alhamdu lillahi. Gumel tana nan yadda muka bar ta, ko ɗigo ba a yi ba. Yaya Sale yana tsaye a ƙofar gida. Ya kama Inna ya fito da ita daga mota, ya dube ta sama da ƙasa, ya dube ni.

"Inna, kin rame. Kawu ya ce kin kwanta asibiti. Me ya faru?"

Na buɗe baki. Tun daga Jengre nake shirya maganar, na yanke zan faɗa masa komai a nan bakin ƙofa, ya yi mini duk abin da zai yi. Sai na ji Inna ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Sanyi ne ya kayar da ni. Ba don Kulu ba da ban dawo ba. Ka shigo da kayan."

Da la'asar na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, gindin darbejiya. Iskar ma zafi ce da ita. Na zauna ina yi mata fifita, tana lumshe ido, na ɗauka barci take yi. Tun a asibiti na yi mata bayanin gawayi, Kawu ya yi mata, likita ma ya yi mata, kowane lokaci ta ce to.

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Kulu."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ba faɗa zan yi miki ba. Amma ranar nan, ko ba za ki bar shi ya tafi da ni ba, ai da kin bar shi ya shigo ya sha ɗumi. Mahaifinki ne fa. Ya daɗe a tsaye cikin ruwan nan."

Na sauya hannu na ci gaba da yi mata fifita har aka kira magariba.